Jinyar Bahago

A unguwar Dagmanet da wuya a samu matar da ba ta taɓa bin Bahago da muciya ba. Muzuru ne ja, mai ƙaton kai da tsagaggen kunne, kuma da hannun hagu yake ɗaukar kayan mutane, shi ya sa sunan ya zauna masa. In an shanya nama a igiya ya san ta inda zai ɓullo. In an kife ƙwarya a kan cuku aka aza dutse, sai ya zauna daga gefe yana lumshe ido kamar wanda ya idar da salla, har mai ƙwaryar ta shiga ɗaki ɗauko wani abu. A gidan Baturiya yake kwana, saboda haka can ake kai ƙararsa. Ita kuwa amsarta ba ta sakewa: ba ita ta haife shi ba, duk wanda ya kama shi ya yi masa hukunci. Amma ran da wani ya ce zai sa shi a buhu ya kai shi bayan gari, sai da maƙwabta suka fito suna ba ta haƙuri.

Mijinta Alhaji Seydou ne ya kawo shi gidan, ba da saninsa ba. A lokacin yana tuƙin kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Timia da Agadez, yana ɗauko lemu da rumman da albasa daga garake. Wata rana ana sauke kaya sai ga ɗan mussa, jaririn kyanwa, a maƙale tsakanin buhuna, duk ya galabaita. Baturiya ta naɗe shi a gefen zane ta shige da shi ciki. Alhaji ya ce baƙo ne, ya huta ya kama gabansa. Baƙo ya huta, ya girma, ya gaje tabarmar mai gida. Tun daga nan ba sa ga maciji da juna. Bahago ya kwanta a kan rawanin Alhaji, ya tsame masa tsoka daga miya yana cikin wanke hannu, Alhaji kuma ya bi shi da takalmi, bai taɓa samunsa ba.

Da girma ya zo Alhaji ya ajiye tuƙi, sai hawan jini ya kama shi, tansiyon nan da yanzu ba gidan da bai leƙa ba. Likita ya hana shi gishiri da jan nama da maiƙo. Da shi kaɗai aka faɗa wa, da maganar ta tsaya a ƙofar gidan likita. To amma Baturiya tana wurin, ta kuma haddace komai kamar karatun allo. Miyarsa daban take yi, lami, a ƴar ƙaramar tukunya. Ta bi mahautan unguwa da masu gashi ta ja musu kunne, har ya zama in Alhaji ya tsaya gaban mai tsire, sai mai tsiren ya tambaye shi lafiyar Hajiya ya ci gaba da fifita wutarsa. Mutumin da ya yi zamaninsa yana cin balangu a kowane zango na hanyar duwatsun Ayar, ga shi ya koma tuwo da miyar da ya ce ruwan alwala ya fi ta ɗanɗano.

Ciwon Bahago da damina ya zo. An yi ruwa mai ƙarfi, maƙwabciyarsu Ramata ta tari ruwan indararo a tano, gangar nan ta ƙarfe, ta kuma rataye ragowar naman suna a igiyar da ta bi ta kan tanon. Bahago ya biyo katanga, ya miƙa hagunsa, laka ta zame da shi, sai tsundum aka ji. Ramata ta tsamo shi ta wurgo shi ta kan katanga tana cewa alhakinta ne ya kama shi. Ya wuni a jiƙe cikin iskar bayan ruwa. Ba a jima ba sai atishawa, sai majina, idanu suka cika da kwantsa. Ya shige bayan randa ya dunƙule, ko ɓera ya gifta ba ya ɗaga kai.

Baturiya ta fara da madara, ya kau da kai. Ta dama masa fura mai ruwa-ruwa, ya kau da kai. Ta gutsuro cuku, wanda a da sai an kulle shi a akwati saboda shi, ta kai masa har baki, ko shinshinawa bai yi ba. Nan gabanta ya faɗi. Ramata, da ta ga alhakin yana neman juyowa kanta, ta leƙo ta katanga da shawarwari. Ta ce a turara masa habbatus sauda, a ɗiga masa man zaitun, in ma ba kambun baka ba ne, don muzurun ya yi suna da yawa a unguwa. Aka yi hayaƙin, Bahago ya yi tari ya koma inda ya fito. Alhaji daga kan tabarma ya ce a ƙyale shi, ɓarawo ne ya tuba yana azumin kaffara. Baturiya ta yi masa kallon da ya sa ya koma jan carbinsa.

Da safe ta sa shi a kwando, ta rufe da tsohon zane, ta tsare adaidaita zuwa wurin likitan dabbobi. Ta tarar da wurin cike da makiyaya, wani da raƙumin da sirdi ya ci wa baya, wani da awaki masu gudawa. Da ta buɗe kwandon sai dariya ta fara fitowa daga bayan rawuna. Wani dattijo ya tambaye ta wannan na hawa ne ko na tatsa. Ta ce masa ya fi raƙuminsa wayo, don shi kayan mutane a ciki yake ɗauka, ba a baya ba.

Likitar, wata yarinya ce mai suna Asiya, wadda Baturiya ta san uwarta tun suna ƴammata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta buɗe masa baki, ta ja fatar wuyansa ta saki, ta daddanna ciki, sannan ta yi masa allura. Ta ce mura ce mai ƙarfi, ta toshe masa hanci.

“Inna, mussa da hanci take ci,” in ji ta. “In ba ta ji ƙamshi ba, ko nama kika ajiye mata, dutse ne a wurinta.”

Ta ce a riƙa goge masa hanci da ruwan ɗumi, a yi masa sirace, a ɗura masa ruwa da romo kaɗan-kaɗan ta gefen baki da abin allura wanda aka cire wa tsinke. Abinci kuma a ɗumama shi har ƙamshi ya tashi, sardin ko hanta, ba albasa, ba yaji, ba a ƙara gishiri. Surtout, abin da ya fi komai, in ji ta, kar a bari ya daɗe bai ci ba, don mussa ba ta jure yunwa kamar kare, cikinta ne ke lalacewa. Ta ce a dawo da shi allura ta biyu bayan ƴan kwanaki.

Baturiya ta yi duk yadda aka ce. Ta tafasa ruwa ta zuba a kwano, ta lulluɓa da zane ita da Bahago, suka sha tururi tare, yana kukan da ba ya fita. Ta goge masa hanci, ta ɗura masa ruwa. Sannan ta fasa gwangwanin sardin ta juye a tasa, ta aza a gefen garwashi. Ƙamshi ya tashi ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakuna, ya fita zaure. Bahago bai ji komai ba. Amma akwai wani a gidan wanda hancinsa lafiya lau yake.

Alhaji ya taso ya tsaya a kansu, hannuwa a baya. Cikin wata murya mai taushi da Baturiya ta daɗe ba ta ji ba, ya ce kuskurenta ɗaya ne, ta cika tsaya masa a ka. Dabba ba ta cin abinci ana kallonta, ga kuma surutun mata ta kan katanga. Ya ce ta ba shi muzurun da tasar, ya kai su zaure inda ba hayaniya, shi ya san halin dabba tun yana ɗaukar tumaki a bayan kamyo. Baturiya ta dube shi, ta ji wani abu ya motsa mata a zuciya. Ashe ciwo yana sulhunta maƙiya. Ya ɗauki kwandon nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da garwashi, tasar kuwa ya riƙe ta kusa, ya shige zaure ya saki asabari.

Da ya fito, tasar fes take kamar an wanke.

“Ya cinye,” in ji shi, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

Baturiya ta yi hamdala, ta je bakin katanga ta kira Ramata ta ba ta labari. Ramata ta ce ikon Allah, dama tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa a shirya. Washegari Alhaji da kansa ya kawo shawara cewa sardin kullum zai gundiri mara lafiya, gara a sauya masa da hanta, a gasa ta sama-sama, in da ɗan kitse a jiki ba laifi. Ta aika aka sayo, ta gasa, tasa ta dawo fes. Da yamma ya ce ya lura mara lafiyar yana barin man da ke ƙasan tasa, da za a haɗa da ɗan burodi da ya tsane shi. Baturiya ta ɗan yi mamaki, don ba ta taɓa ganin mussa da burodi ba. Amma wanda murna ta rufe wa ido ba ya ƙirga haƙoran kyauta, ta sa aka sayo burodin.

A kwanakin nan gidan ya yi daɗi. Alhaji yana ƴar waƙa in zai fita masallaci, ya daina yi wa miyarsa habaici, sai dai loma kaɗan yake yi ya ce ya ƙoshi. Ruwa kuwa yana shansa kamar wanda ya fito daga hamadar Tenere, ya kai moɗa randa ya dawo, ya sake komawa.

Abin ya tonu ne da Baturiya ta ɗauko Bahago za ta yi masa sirace. Ta ji shi sakayau kamar faifai. Ta shafa gefensa, haƙarƙari suka bi ƙarƙashin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ciki ya manne da baya. Ta tuna kuma tun da aka fara wannan ci ba ta ga ya je kan yashin da yake zagayawa ba. Ta ajiye shi, ta ɗauko tasar safe da ba ta kai ga wankewa ba, ta karkata ta wajen haske. A gefen bakinta akwai wani ɗan jan gari. Ta dangwala ta kai harshe. Yajin tsire ne, da gishirinsa da ƙulinsa.

Ta zauna a kan turmi, tasa a cinya. Da farko zuciya ta ce mata ta tafi zaure ta kife masa ita a gaba. Amma ta san mijinta. Ba zai yi rantsuwa a kan ƙarya ba, sai dai ya ɗauko labarin iska da ƙura da yadda yaji ke tashi daga gidan maƙwabta, ya yi ta zagaye har ita ta gaji. Abin da ya fi ƙona mata rai ma ba tansiyon ba ne. Duk kwanakin nan da take hamdala, Bahago da ruwa da romo kaɗai yake raye. Ta ɗauke shi ta ɗura masa romon da ya fi na kullum yawa, tana ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa. Kafin ta gama ta san abin da za ta yi.

Da rana ta gasa hanta yadda ba ta taɓa gasawa ba, ta ware rabi ta ɓoye, ta miƙa wa Alhaji rabi. Ya shiga zaure da mara lafiya, ya fito da tasa fes. Ta bari sai da ya zauna a inuwa ya miƙe ƙafa, ya fara shafa gemunsa. Gemun nan kuwa shi ne abin alfaharin Alhaji a duniya. Fari ne sol, cikakke, yana taje shi kowace safiya, ran Juma'a ya shafa masa turare, kuma ya sani sarai a sahun gaba na masallacinsu babu irinsa.

“Alhaji, ka dai wanke hannu da sabulu ko?” ta tambaya, tana tsintar shinkafa.

“Don me?”

“Saboda maganin da na niƙa a cikin hantar. Asiya ta ce na raƙuma ne, mai kashe tsutsar ciki, ɗan kaɗan ake sa wa mussa. Ta ja mini kunne kar ya kuskura ya taɓa bakin mutum.”

Hannun Alhaji ya tsaya cak a cikin gemu. Can ya tambaya, kamar mai neman labarin wani gari da ba shi da kowa a ciki, in ya taɓa bakin mutum me yake yi.

Baturiya ta ce ba ya kisa, wannan kam an tabbatar. Gashi kawai yake zubarwa. Wani makiyayi ne daga wajen Iférouane ya ba raƙuminsa, ya manta ya lashe yatsa. Kafin mako ya zagayo gemu ya zube, gashin baki ya bi, har gira, fuska ta koma kamar bayan ƙwarya, da ya koma gida matarsa sai da ta ɗauko lulluɓi ta ce baƙo ya jira a waje. Dabbobi dai ba ya yi musu komai.

“Amma mu ina ruwanmu,” ta ce, ta hure ƙaiƙayi daga faifai, “tun da Bahago ne ya ci.”

Alhaji ya ce haka ne. Ya ja carbi, ya ajiye. Sannan ya ce shi makiyayin nan yake tausayi, ko an samar masa makari. Ta ce ta ji an ce sai ruwan ganyen dogon yaro, a tafasa a sha da ɗacinsa, mutum kuma ya yi nesa da gishiri, don gishiri ne ke tayar da maganin.

Daga cikin madafa ta ga sauran. Ta ga ya je wurin motonsa, babur ɗin da yake hawa, kamar mai duba taya, ya sunkuya gaban madubi ya juya fuska dama da hagu. Ya kama gemu ya ɗan ja, sili ya biyo yatsa kamar yadda yake biyo yatsan kowane mai gemu, ya tsaya yana kallonsa a tafin hannu. Ya fita waje, bishiyar ƙofar gida ta yi motsi, ya dawo aljihu a kumbure. Ya ce a ba shi butar shayi, yau da kansa yake son dafawa. Ya zagaya bayan ɗaki da murhun gawayi. Ba a daɗe ba ta fara jin kurɓa, da kakari, da salati. Baturiya ta cusa gefen zane a baki, kafaɗunta suna rawa, hawaye suna zuba a cikin shinkafa.

Dariyar ba ta yi nisa ba, don da ta waiwaya Bahago yana nan yadda ta bar shi, kai a kan hannuwa. Bayan la'asar ta ɗauke shi ta aza a cinya ta zauna bakin ƙofar ɗaki. Alhaji ya fito daga bayan ɗaki, baki a yamutse, ya zo zai wuce.

“Duk abin nan da yake ci a hannunka, ban ga inda yake zuwa ba,” ta ce, ba ta ɗaga kai ba. “Ɗaga shi ka ji.”

Tun da Bahago ya zo gidan, hannun Alhaji bai taɓa sauka a jikinsa ba. Ya yi kamar zai ƙi, sannan ya sunkuya ya karɓe shi. Ya tsaya da shi a hannu, yana jin ƙasusuwan da ke motsi a ƙarƙashin fata da ɗan numfashin da ke fita da ƙyar. Muzurun da ya yi shekaru yana tsere wa takalminsa, yau ko yunƙurin sauka bai yi ba. Baturiya ta saci kallon mijinta ta ga wuyansa ya yi laushi. Ya mayar mata da shi cinya a hankali.

Can ya tambaya ko akwai sauran hanta. Ta ce akwai. Ya tambaya ko an riga an sa mata maganin. Ta ce tukuna. Ya ce to kar a sa.

Ta ɗumama ta kawo a tasa, wannan karon a tsakar gida, a gabanta. Alhaji ya tsuguna ya tura tasar gaban Bahago. Siracen da ake ta yi ya fara aiki, don hancin ya motsa, gashin baki ya ɗan tashi. Baturiya ta matso kusa. Bahago ya dubi hantar, ya dubi mutanen da suka sa shi a gaba suna lallashi, ya juya musu ƙeya.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da mutum yake yi wa abokin gaban da ya sani ciki da bai.

“Tun da yake gidan nan,” ya ce, “kin taɓa ganin ya ci abin da aka ba shi?”

Baturiya ta buɗe baki za ta ce ƙwarai, sai ta tsaya. Abin da take zuba masa a tasarsa kullum kaji ne ke cinyewa.

Alhaji ya ce ta juye hantar a kwanonsa na cin tuwo, ta yanka ƙanana, ta rufe da faifai amma ta bar ƴar kafa. Ya shimfiɗa tabarmarsa inda ya saba, ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya ja kwano gabansa ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sannan ya ɗaga kai kamar an yi sallama a waje, ya amsa, ya tashi ya nufi zaure. Ya yafito Baturiya ta biyo shi. Suka laɓe bayan asabari, tsoho da tsohuwa, kowa da kafar da yake leƙe.

Da farko ba abin da ya faru. Kaza ta zo za ta yi bincike, Baturiya ta yi mata tsawa da hannu daga nesa. Can kunnen nan mai tsaga ya juya. Bahago ya ɗaga kai ya dubi ƙofar zaure, ya dubi ƙofar madafa. Ya miƙe, ƙafafu suna rawa, ya bi gindin bango yana tangaɗi, ya tsaya ya huta, ya ƙarasa bakin tabarma. Ya zauna ya lumshe ido kamar ba don kwanon ya zo ba. Sai hagun ta fita a hankali, ta shiga ƙarƙashin faifai, ta dawo da tsoka a farce.

Baturiya ta damƙi hannun Alhaji. Amma Bahago bai ci ba. Ya ajiye tsokar a gabansa yana waige-waige, kamar wanda ya ga abin ya zo da sauƙin da bai yarda da shi ba.

“Jira yake,” in ji Alhaji a hankali. Ya sunkuya ya cire takalmi ɗaya, ya bankaɗe asabari ya faɗa tsakar gida. “Ɓarawo! Ɗan banza, ka dawo ko?”

Takalmin ya tashi ya daki bango can nesa da inda muzurun yake. Bahago ya cafki tsokar ya ruga, in dai za a kira wannan gudu, ya shige bayan randa. Daga nan suka ji ƴar ƙarar tauna, da gurnanin da yake yi in yana cin haram. Baturiya ta zauna a ƙasa inda take, tana dariya tana share ido.

Kafin magariba sai da aka yi wa Alhaji sata har ya gaji da zuwa ɗauko takalmi. Ramata ta ji hayaniya ta leƙo, aka ba ta labari. Ta ce in dai bin Bahago da zagi ne magani, ita tana da na shekaru a ajiye, a bar mata na safe. Haka kuwa aka yi. Ta shigo da kwanonta da muciyarta, ta ajiye kifi ta juya baya, ta kuma yi zagin da gaske har Baturiya ta ce ta rage, mara lafiya ne. A hankali hanci ya bushe, ido ya washe, ciki ya fara tasowa. Ran da aka wayi gari aka tarar da shi a kan rawanin Alhaji, Alhaji ya ɗauki hula ya fita masallaci, ya bar masa rawanin. Shi kuma a ɓoye bai fasa dafa ganyensa ba, gishiri kuwa ko an ajiye a gabansa ba ya kallo. Bishiyar ƙofar gida ta yi kwalkwal daidai inda hannun mutum yake kaiwa.

Ranar allura ta biyu Alhaji ya ce shi ma zai je, bai kamata a bar mace da kwando ita kaɗai cikin makiyaya ba. Baturiya ta san abin da ke kai shi, ta ɗauki mayafi suka fita. Asiya ta ɗaga Bahago ta ce ya yi nauyi, ta yi masa allurar, ya kai mata hagu ta goce. Alhaji ya gyara murya, ya yi mata sannu da aiki, ya tambayi mahaifanta. Sannan ya ce akwai wani abokinsa da ke son sanin wani abu game da maganin nan na raƙuma da ake niƙawa a abinci, wanda ta bayar a sa wa muzurun. In mutum ya yi kuskure ya haɗiya, har tsawon wane lokaci gemunsa yake cikin haɗari?

“Wane magani, Baba?” in ji Asiya. “Ni allura kawai na yi masa. Ban ba da komai na sawa a abinci ba.”

Alhaji ya juya a hankali ya dubi matarsa. Baturiya ta duƙufa kallon wani raƙumi da ake wa wankin ciwo, kamar ba ta taɓa ganin raƙumi ba a Agadez. Asiya ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ciji leɓe, ta ce Baba ya gaya wa abokin nasa ya kwantar da hankali, gemunsa ba inda za shi.

A cikin adaidaita kwando yana tsakaninsu, Bahago yana ta ƙoƙarin fito da kai. Sai da suka wuce kasuwa Alhaji ya ce, yana kallon hanya, ganyen nan akwai ɗaci.

“Haka na ji ana faɗa,” in ji Baturiya.

Ta miƙa masa tafin hannu a buɗe, ita ma tana kallon hanya. Ya dubi hannun, ya yi ajiyar zuciya, ya laluba aljihun gefe ya ciro ɗan ƙullin yaji ya ajiye mata. Hannun bai janye ba. Mai adaidaita ya kauce wa rami, suka yi tsalle suka dawo, hannun yana nan. Alhaji ya cire hula, ya zaro na biyu daga cikin naɗinta, ya aza a kan na farko, ya mayar da hularsa ya gyara mata zama.